Yaranmu a Gindin Gobarau

Wata Asabar a 2009, tun hanyar Zurmi da Jibiya tana lafiya, muka yi addu'a muka tashi daga Ƙaura Namoda da yaranmu uku zuwa Katsina. Muka tsaya gindin Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon ƙafa 50, wadda aka ce tun zamanin Sarki Muhammadu Korau take.

Muna cikin kallo, sai babbar 'yarmu ta raɗa mana, "Kirista ma yana iya hawa?" Muka yi shiru. Ashe wani dattijo ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Taho, jikata, amma a hankali, matakalar ta tsufa." Ya riƙe hannunta har sama.

Autan kuwa yana goye, barci ya kwashe shi, bai ga kome ba.