Masu Ɗaukar Hoto Da Ganuwar Kano

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata gardama da ta tashi tsakaninmu a kan ganuwar birnin Kano.

Mu biyar ne: ni akawu, da malaman makaranta biyu, da tela, da malamin asibiti. Ɗaukar hoto ba sana'armu ba ce, sha'awa ce kurum. Ran Asabar mukan zaga gari, mai kyamara da kyamararsa, mai wayar hannu da wayarsa. In la'asar ta yi sai mu zauna a zauren ɗayanmu, kowa ya nuna abin da ya samo, a yaba ko a kushe.

Asabar ɗin da ta wuce muka hau Dala da sassafe, hazo bai gama washewa ba. Daga nan ne Baturen nan Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya zana surar birni a 1851. Muka hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, amma ganuwa sai da tela ya yi ta nuna mana da yatsa tukuna muka gane inda ta bi, don gidaje sun rufe ta. Da muka sauko muka ratsa Kurmi, ba mu tsaya ba, muka fita ta Ƙofar Na'isa, muka bi gindin badala wajen Gadon Ƙaya.

To, a nan na ɗauki hoton da ya jawo magana. Wani wuri ne inda ruwan sama ya zaizaye ganuwa, masu ɗibar ƙasa suka ƙarasa, har tsayinta bai kai na mutum ba, ga juji a gindinta, ga akuya a kanta. Da yamma da na nuna, babban malamin cikinmu ya ɓata rai, ya ce, "Haba Malam, share wannan. In baƙo ya gani ai sai ya yi wa Kanawa dariya. Ɗauki marinar Ƙofar Mata, ko hawan Salla." Ban ga laifinsa ba, kishin gari ne ya sa shi. Amma fa hotunan marina da na dawaki sun cika duniya, kuma baɗi ma za a sami dawaki. Wannan gutsuren ganuwa kuwa, wa ya san ko zai ga damina biyu?

Ku tuna, jama'a, tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin nan, shi da ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa shi. Ta Ƙofar Kabuga sojan Turawa suka shiga a watan Fabrairu 1903. Ita Ƙofar Na'isa da muka bi ba ta asali ba ce. An rushe ta ƙasar a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina ta siminti a gurbinta.

Muna cikin haka sai tela ya shiga gida ya fito da hotuna biyu na marigayi mahaifinsa. Na fari, an rubuta a bayansa sunan Ƙofar Na'isa da shekarar da aka ɗauka. Ga ta nan da kaurin bangonta da ƙuncin bakinta, mai jaki yana fitowa da itace. Duk muka yi tsit. Ƙaramin malaminmu bai taɓa ganinta haka ba, ya riƙe hoton ya ƙi saki. Na biyu ya fi kyau nesa, amma bayansa fari fat. Muka yi sa'a guda muna musu, wannan ya ce Dukawuya ce, wancan ya rantse Kansakali ce, har aka kira magariba ba mu daidaita ba. Wanda zai raba mu kuwa yana kabari.

Saboda haka ga roƙona ga duk mai wannan sha'awa. In ka ɗauki ƙofa ko badala, kyakkyawa ko rusasshiya, rubuta sunan wurin da rana da shekara. Wanda ke cikin waya a wanke shi a takarda, don waya takan faɗa ruwa, ɓarawo kuma ba ya tambayar abin da ke cikinta. Mai tsofaffin hotuna a adaka ya kai wa dattawan unguwa su faɗi wurin tun suna da rai, sa'an nan ya gwada su da waɗanda ke Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofi. Kada kuma a ɗauki mutum sai da izninsa, balle matan aure.

Babban malaminmu har yanzu bai yarda a nuna wa baƙo hoton akuyar ba, amma ya yarda kada a share. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fara daga Ƙofar Mazugal mu nufi Ƙofar Ruwa, hoton nan marar suna yana aljihun tela.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.