Taron 'Yan Gyaran Keke: Wace Rana Ce Za Ta Haɗa Mu Duka?

Mu ne masu aikin sa kai a rumfar gyaran keke, inda ake yi wa yaran makaranta faci kyauta, ake ɗaure birkin keken guragu, ake kuma gyara tayar kurar 'yan ga-ruwa ba tare da an karɓi ko sisi na aikin hannu ba. Sau ɗaya a shekara mukan zauna mu karanta lissafin asusu, mu ƙirga sifanu da famfuna, mu yaye yaran da hannunsu ya faɗa, mu yi wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya addu'a, sannan a ci abinci. Ba a taɓa yin gardama kan amfanin zaman ba. Gardamar kullum ɗaya ce: yaushe?

Wani zai ce, "Haba, don Allah, ku sa rana kawai mana!" To ai nan gizo ke saƙa. Bahaushen da ke zaune a Ibadan kalanda uku ke juya shi, kuma kowacce da inda take jan sa.

Ta farko ita ce ta Musulunci. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. A 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, a 2025 kuwa ranar 1 ga Maris. Wanda ya ce "mu riƙa yi bayan Sallah" ya ɗaure mu da rana mai yawo, yau tana rani, bayan wasu shekaru tana tsakiyar damina. Ga Babbar Sallah, lokacin da rabinmu ke wajen raguna, sauran kuma suna tasha da jakunkuna. Ga watan Maulidi, wanda kowa ya san yadda unguwar nan ke cika da hidima a cikinsa.

Ta biyu ita ce kalandar gona. Mafi yawan hannayen da ke aiki a rumfar nan na 'yan ci-rani ne. Da ruwa ya sauka a Arewa, wajen Mayu zuwa Yuni, sai su kama hanyar Sakkwato, Zamfara, Katsina da Jigawa, wasu har Nijar. Ba sa dawowa sai gero ya shiga rumbu, an kuma yanke dawa, wato Nuwamba ko Disamba. Duk taron da aka yi babu su, an yanke hukunci ne kan guminsu a bayan idonsu.

Ta uku ita ce ta gari: hutun makaranta, ranakun aiki, da ruwan Ibadan wanda ke farawa tun Afrilu ya kai Oktoba. Rumfarmu ta kwano ce, gefenta a buɗe. Idan hadari ya haɗo, taro ya watse.

Samarinmu sun kawo shawarar 3 ga Yuni, domin ita ce Ranar Keke ta Duniya wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2018. Wallahi shawara ce mai daɗin ji, kuma mun yaba musu. Amma mu duba: Yuni tsakiyar ruwa ne a nan, manomanmu sun tafi, a 2025 ma kwana uku ne kacal tsakaninta da Babbar Sallah. Ranar duniya ce, amma ba ta Sabo ba ce. Za mu iya karrama ta da gyara na musamman, ba da babban zama ba.

Wasu dattawa sun ce a bar shi yadda aka saba, duk shekara shugabanni su duba su sanar. Da girmamawa muke cewa, iyayenmu, wannan hanya ita ke haifar da ƙorafi. Sanarwar mako biyu tana isa ga mai shago a bakin titi, ba ta isa ga wanda ke gona a ƙauye. Wanda bai ji ba sai ya ce an ware shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da muke gani shi ne mu tsayar da ƙa'ida ɗaya wadda kowa zai haddace: Lahadin farko ta watan Janairu, daga bayan Azahar zuwa Magariba. A lokacin ba ruwa, hunturu ya sanyaya gari. 'Yan ci-rani sun dawo. Yara ba su da makaranta ranar. 'Yan kasuwar Bodija da Shasha sun fita daga cinikin ƙarshen shekara, sun ɗan sami numfashi. Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da ke taya mu aiki daga Mokola, waɗanda ke zuwa coci da safe, su ma sun taso kafin Azahar. Ba mu zaɓi Juma'a ba, domin da an sauko masallaci kowa shagonsa yake nufa.

Mun san tambayar da za a yi: idan azumi ya iso Janairu fa? Bisa lissafi, hakan zai faru daga wajen 2030, ya ɗauki 'yan shekaru. Amsarmu ita ce kada a ɗaga. A fara bayan La'asar, a taƙaita jawabi, a rufe da shan ruwa tare. Ranar da aka ɗaga sau ɗaya, ta zama abin ɗagawa kullum. Rasuwa ce kaɗai za ta sa a matsa, shi ma mako guda.

Kada a raina wannan magana. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin mota da na acaɓa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kekunan da aka jingine shekara da shekaru sun fito. Aiki ya ƙaru, farashin tub da sarƙa da boris ya hau, asusu kuwa bai girma ba. A zaman shekara ne ake yanke wa za a fara yi wa gyara, nawa za a ware wa guragu, da wane yaro za a ba kayan aiki ya je ya kafa tasa rumfar. Waɗannan hukunce-hukunce na buƙatar idon kowa. Tun kafa Sabo a 1916, abin da ya riƙe baƙo a garin nan shi ne ɗan'uwansa, kuma zumunci a ƙafa yake.

Saboda haka muna roƙon masu unguwa da limamai su taimaka da sanarwa a masallatai. Mai wata shawarar da ta fi wannan ya same mu a rumfa kowace Asabar da hantsi, kafin watan nan ya ƙare. Idan ba a sami wadda ta fi ba, za mu rubuta ranar da fenti a jikin ƙofa, yadda mai tafiya gida damina zai tafi da ita a kansa. Allah Ya haɗa kanmu, Ya sa albarka a aikin hannunmu.