Akwatin Da Ya Koyar Da Yara A Yamai

Makon jiya kun ji ni shiru, to, na tafi Yamai ne, babban birnin Nijar, wajen bikin 'yar ƙanen maigidanmu. Ga tsarabarku na kawo, ta labari.

Mun tashi daga Kano da sassafe, muka bi ta Katsina da Jibiya, muka kwana Maraɗi. Kashegari muka miƙa yamma, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 600. Har Dogon Dutsi Hausa ake yi tsantsa, amma daga Doso sai Zabarmanci ya fara rinjaye. Yamai kuwa a bakin Kwara take. Akwai wata tsohuwar gada da ake kira gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. In kin tsaya a kanta da la'asar sai ki ga masunta cikin kwale-kwale, ga mata na wanki a gaɓa, ga jami'a can tsallake.

An saukar da ni a ɗakin gwaggon amarya, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aikin koyarwa kafin ta huta. Ran nan da dare muna hira a tsakar gida, jikokinta sun kewaye talabijin ko ƙifta ido ba sa yi, sai na ce, "Hajiya, akwatin nan ya hana yaran yanzu karatu." Ta yi dariya ta ce, "Yo ƙanwata, ni ai a gaban akwati na koyi karatu." Na gyara zama.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke makaranta kaɗan ne ƙwarai, horarrun malamai kuma sun fi su ƙaranci. Saboda haka a 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka soma gwada koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa. Aka fara da aji biyu, daga baya aka kai wajen aji 20 a kewayen Yamai, yara kimanin 800. A birni ake shirya darussan da Faransanci, gajeru gajeru, da wasanni da zane-zane, a watsa su zuwa makarantun. Waɗanda aka ba riƙon ajin kuwa matasa ne da ba su wuce firamare ba, aka yi musu horo na ɗan lokaci aka tura su.

Na ce, "Ashe ke nan akwati ne malaminku?" Hajiya ta girgiza kai. Ta ce akwatin yakan yi magana ɗan lokaci ne a kashe shi, sauran yini duk na mushe ne, wato malam a bakin mutanen can. Shi zai sa su maimaita abin da suka gani, su kwaikwayi wasan, su rubuta a allo. Yana da takarda mai nuna masa abin da zai yi kafin darasi da bayansa, masu dubawa kuma sukan zo su zauna a bayan aji, in an tashi su gyara masa. Ta ce ita mai kunya ce a lokacin, ko bakinta ba ta buɗewa. Akwati bai san da zamanta ba, mushe ne ya lura, ya riƙa kiran sunanta har ta saki jiki.

Shirin bai game ƙasar ba, don yana cin kuɗi, ƙauyuka kuma ba wutar lantarki. Ya zuwa 1979 aikin talabijin ya koma gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Akwatunan nan sun daɗe da lalacewa. Amma yarinyar nan mai kunya ta zama malama, waɗanda ta koyar kuma yau suna koyar da wasu.

A hanyar dawowa sai wata makarantar unguwarmu ta faɗo mini a rai. An kawo musu kwamfutoci, aka yi taro da tafi, yau ga su can a kulle an lulluɓe da ƙyalle, don ba malamin da aka koya wa aiki da su. 'Yata ta gama aji shida ba ta taɓa ko ɗaya ba. An sayi doki, an manta da mahayi.

To, iyaye mata, in an kira taron iyayen yara kada ku bar wa maza su kaɗai. In an ce an kawo na'ura, ku yi godiya, sa'an nan ku tambaya cikin ladabi: wane malami aka horar, kuma wa zai riƙa zuwa yana duba shi? Hanyar ƙaro ilmi tana nan, gama tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, inda malami ke iya karatu yana bakin aikinsa.

Ku kuma 'yan mata, kada ku raina aikin koyarwa. Ku koyi na'urar nan da kyau, ku shiga kwalejin horon malamai, don a kowane aji akwai wata mai kunya da ke jiran a kira sunanta. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.