Yadda tsohuwar Hilux ɗin Baba ta kusa cinye kuɗin rajistata

1/ Jama'a, bari in ba ku labari, ko zai tsare wa wani aljihunsa. Hutun da ya wuce na dawo gida Birnin Kudu na tarar da motar Baba ta ƙi shiga giya. Da ita yake kai buhuna kasuwar Sara, da ita ake ciyar da mu.

2/ Giya ɗaya sai da kokawa, ribas kuwa ƙarrr, har maƙwabta su leƙo. Wani bakanike ya ce giyabos ne ya tafi, a sayo na Beljiyam a Kofar Ruwa. Kuɗin da ke hannun Baba kaɗai na rajistata ne. Ya ce, "Ka yi haƙuri, bayan kaka a biya." Wallahi ban yi barci ba.

3/ Washegari muka lallaɓa da ita Gwaram wurin Kawu, tsohon direba. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce, "Ɗana, kashe injin, ka sa giya." Duk suka shiga sumul. "To tayar." Matsala ta dawo.

4/ Ya ce in giyabos ne, yawanci giya guda ce ke ƙara, kamar ta biyu, don zoben da ke daidaita gudunta ya cinye. Amma in duka suka yi tauri sai inji na aiki, kulocin ne ba ya saki.

5/ Ya sa na taka kuloci sau biyar da sauri. Giya ta shige lafiya! Ya haska ƙarƙashin feda, ga mai ya jiƙa wurin. Robar famfon kuloci ce ta mutu, mai na yoyo, iska ta shiga.

6/ Aka sauya roba, aka zuba man birki, aka fitar da iska. Kuɗin bai kai na buhun gero ɗaya ba.

7/ Ya kuma ja wa Baba kunne: "Yaya, daina barin ta a ogzilare a kan kwalta. Na yashi da taɓo ne. In sandar ta maƙale, ɗan ja baya, za ta saki."

8/ Na yi rajista ranar Litinin, Alhamdulillah. Kafin a sauke muku giyabos, ku gwada giya inji a kashe. Allah ya saka wa Kawu da alheri.