Bokiti Biyu da Tsumma: Waiwaye Kan Sana'ar Wankin Mota

A shekarar 1975 ne kamfanin haɗa motocin Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara fitar da motoci, kuma a daidai wannan lokaci kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya nemi rancen mota, kafin a ankara 404 da 504 sun cika titunan Kaduna da Kano da Zariya. Mota kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo makaniki da mai faci da mai gyaran wuta da mai fenti, a can ƙarshen layi kuma ga mai wanki, wanda ba a cika lissafa shi cikin masu sana'a ba, alhali babu wanda ya fi shi taɓa motar da hannunsa.

Jarinsa bai taka kara ya karya ba: bokiti biyu, soso, burushi, tsummokara, ƙullin omo, sai inuwar darbejiya kusa da famfo. A wancan zamani famfo na kawo ruwa a unguwanni da yawa, inda ba ya kawowa kuma sai a kira ɗan garuwa. Masu manyan motoci sukan gangara bakin kogi. Babu allon talla, babu rumfa, babu ko benci sai dai dutse ko tsohuwar taya. Duk da haka mutane sun yi aure da wannan sana'a, sun gina gidaje, wasu har sun sauke farali.

Abin da na fi so a tuna shi ne yadda tsofaffin masu wankin nan suke tunkarar mota. Ba da ruwa suke farawa ba. Dattijo zai zagaya motar tukuna, hannu a baya, mai ita na tsaye, ya nuna masa da yatsa: "Alhaji, ka ga wannan karcewar a ƙofa? Da ita ta zo. Fitilar nan ma ta tsage." Da wannan ya rufe ƙofar rigima tun kafin a buɗe ta. Daga nan ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet. In da zafi, sai ya ce a bari ta huce, ya koma ya ciro kafet ya kakkaɓe, ya share ciki. Ya san cewa sabulu a jikin ƙarfe mai zafi bushewa yake yi nan take, ya bar tabon da sai an sha wuya kafin ya fita. Shi ya sa ma inuwa ta fi masa komai muhimmanci, kuma shi ya sa aikinsa na sassafe ne da na yamma.

In ta huce, sai ya kwarara ruwa zalla tun daga rufi har ƙasa, ba tare da soso ya taɓa jikin ba. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, duk wanda ya dirje ta a bushe ya karce fenti da hannunsa, ko da idonsa bai gani ba a ranar. Sai rana ta haska motar a ga wasu siraran zane-zane masu zagaye sun lulluɓe ta. Bayan ƙura ta gangara sannan kumfa ta hau. A nan ne amfanin bokiti biyu yake: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka kwaso daga jikin mota ya sake komawa jikinta. Ana wankewa daga sama zuwa ƙasa, taya ce ƙarshe, kuma sosonta daban, tsummanta daban. Yaron da ya kuskura ya goge ƙofa da tsumman taya, ranar ya sha faɗa. Gilashi kuwa da tsohuwar jarida ake gama shi, New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, a dunƙule shafi a murza har gilashin ya yi ƙara. Kafofin iska na dashbod a naɗa ƙyalle a tsinke a bi su ɗaya bayan ɗaya. Bambar 504, wadda ƙarfe ce mai sheƙi, a goge ta har mutum ya ga fuskarsa.

Yau masu koyar da wannan aiki a ƙasashen waje suna koyar da bokiti biyu a matsayin darasin farko. Dattawanmu ba su karanta a ko'ina ba, fenti ne ya koya musu.

Ba zan ce komai nasu daidai ne ba. Omo an yi shi ne don tufafi, ƙarfinsa na cire maiƙo, saboda haka yana kwashe folish ɗin da ke kare fenti, ya busar da robar gilashi, mota ta dusashe tun ba ta tsufa ba. Wasu na shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi baƙi wuluk. Baƙin mai na kama ƙura kuma yana lalata roba, man birki kuwa in ya ɗiga a fenti cinye shi yake yi. Wankin inji da kananzir a kwara ruwa ya yi wa 504 aiki, domin in an ɗaure distiributa da leda an gama, ko ta ƙi tashi a busar da ita ta tashi. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori da ƙwaƙwalwar kwamfuta, feshin ruwa mai ƙarfi sau ɗaya na iya jawo wa mai mota asarar da ta fi kuɗin wanki na shekara. Fentin ma ya sauya. Na da launi ne hawa ɗaya, in ana folish har launin motar kan fito a tsumma. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma ɗora wani hawa mai gani-har-hanji a kan launin, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. In aka cinye shi da dirza, sai sabon fenti.

To amma ta ina ciniki ke zuwa wa mutumin da ba shi da allo, ba shi da waya? Wannan ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Da farko motar ce tallarsa. In ta bar gindin bishiya tana ƙyalli, ta je ofis, ta je majalisa, ta je ɗaurin aure, dole wani ya tambaya, "Wa ke maka wanki?" Saboda haka mai hankali bai taɓa barin mota ta tafi da aikin ganin-dama ba, ko da mai ita na gaggawa. Zai ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙara mini minti kaɗan, gilashin baya bai yi ba." Yana sane da cewa sunansa ne zai zagaya gari.

Sannan sun san inda motoci ke kwana da inda suke yini. Ma'aikatu irin su Sakatariyar Audu Baƙo a Kano, bankuna, asibitoci, harabar makarantu: mota za ta tsaya tun safe har tashi, mai ita na ciki yana aiki. Mai wanki ya ƙulla da ma'aikaci a kan kuɗin wata. Kullum a share ƙura, sau biyu ko uku a mako a yi wanki sosai, in albashi ya shigo a biya. In albashi ya makara, a yi haƙuri da juna. Mutum in yana da motoci goma sha wani abu a irin wannan tsari, ya san abin da zai shigo masa ƙarshen wata, bai dogara da wanda Allah ya jefo daga titi ba. Har yau ban ga dabarar da ta fi wannan riƙe ƙaramin mai sana'a ba. Suna kuma girmama direbobi, domin mai gida ba shi ke zaɓar wurin wanki ba, direba ne. Ka kyautata wa direba ɗaya, sai ka ga motocin gidan duka sun dawo hannunka, har da ta uwargida da ta kai yara makaranta. Safiyar Juma'a, jajibirin Salla da ranar kai amarya kuwa kakarsu ce, tun asuba suke fitowa.

Akwai kuma gyara, irin wadda mai awo ke ƙara wa mai saye a kan mudu. Gyaran mai wanki labari ne. Shi ne ke durƙusawa ƙarƙashin mota, don haka shi ke fara ganin abin da mai ita bai gani ba. "Malam, tayarka ta baya ta sha ƙusa." "Hajiya, mai na ɗiga a ƙasa, a nuna wa makaniki." "Kada ka ƙara ajiye ta a gindin bishiyar can, kashin tsuntsu da ƙaro na cin fenti." Ba ya karɓar ko kwabo a kan wannan, amma wanda aka tsirar da shi daga fashewar taya a hanyar Zariya ba ya sauya mai wanki.

Sama da duka akwai amana. Mota ɗaki ce, mutum na barin kuɗi da takardu da agogo da sirrinsa a ciki, ya miƙa makulli ya juya baya. Al'adar masu wankin kirki ita ce duk abin da aka tsinta a ƙarƙashin kujera, ko da sulai ne, a jera shi a kan dashbod inda mai mota zai gani da ya shigo. Ba a taɓa rediyo, ba a ja motar a je yawo, ba a faɗi abin da aka gani. Na san dattijon da attajirai ke bar wa mota da jakar kuɗi a but su shiga kasuwa. Wannan suna ba a sayensa, kuma yaro ɗaya mai ɗan hali ya isa ya rushe shi, shi ya sa ba sa ɗaukar yaro sai sun san gidansu.

Abubuwa sun fara juyawa bayan 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motoci 'yan Kwatano suka cika gari. Motoci suka ƙaru, famfo ya ƙafe. Sana'ar ta koma hannun mai iya haƙa burtsatse, ya sayi janareta da injin feshi, ya zuba siminti ya kafa allo. Wayar salula ta zo a 2001. A Kano, bayan hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu suka zama manyan abokan ciniki, da dare za ka gan su jere ana feshe su. An samu sauri, an samu aikin yi ga matasa masu yawa, wannan alheri ne. Abin da ya salwanta shi ne sanayya. Mai wurin ba shi ke wanki ba, yaran kuma a kan kowace mota ake ba su kaso, saboda haka hankalinsu na kan ta gaba. Soso zai faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba da shi. Tsumma ɗaya ya yi taya ya yi gilashi. A wanke mota tsakar rana da ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, a bar ta ta bushe da kanta duk ɗigo-ɗigo. Ka je wuri sau da yawa babu wanda ya san sunanka.

Yanzu wasu matasa sun taso da sabon salo, kuma suna burge ni. Suna bin mutane har gida da kayan aiki, suna da injin zuƙe ƙura da injin folish da tawul mai laushi da sabulun da aka yi don mota, suna wanke kujeru da silin mota, suna ɗaukar bidiyon yadda ta zo da yadda ta koma su sa a WhatsApp da Instagram da TikTok. In kana da kyau ka ƙara da wanka, talla ba laifi ba ce. Sai dai bidiyo sau ɗaya yake kawo mutum, dawowarsa kuma tana hannunka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kunna janareta ya ninka, wanda ke jiran baƙon ciniki kullum zai sha wuya.

Don haka, ƙanena mai wannan sana'a, ka ɗauki na dattawa ka haɗa da naka. Ka zagaya mota tare da mai ita kafin ka taɓa ta, yanzu ma da waya a hannunka sai ka ɗauki hoto. Ka faɗi farashi tun farko. Kada ka yi alkawarin abin da folish ba zai iya ba: ka ja farce a kan karcewar, in ya maƙale ta yi zurfi, ka gaya masa gaskiya aikin mai fenti ne. Kada ka sa motar mutum a bidiyo sai da izininsa, kuma ka rufe lambar. Ka riƙe lambobin wayar masu zuwa, ka san wanda ba ya son turare da wanda ba ya son a matsar masa da kujera, bayan mako biyu ka gaishe shi ka tuna masa. Ka shiga ofisoshi da makarantu da rukunin gidaje ka nemi na wata-wata, ko da rangwame ne. Ka yi wa ruwan wankinka hanya, kada ya kwanta a kwalta ya ɓata ta ko ya shiga ƙofar maƙwabci, domin maƙwabcin da ka ɓata wa rai ba zai turo maka baƙonsa ba.

Kai kuma mai mota, in Allah ya haɗa ka da yaron da ya jera maka canjinka a kan dashbod, ya ware tsumman taya daban, kada ka tsaya taya shi a kan naira ɗari biyu. Ka biya shi da kyau, ka karɓi lambarsa, gobe ka tura masa abokinka.