Daga Dutsi zuwa ƙasar Tibiri, neman irin wake



Bayan kakar bara, ranar da munka buɗe akwatin asusu, aka tada zancen iri. Cikin ƙungiyarmu babu ko ɗaya da ta rage da waken nan mai yaɗo na iyayenmu. Wasu sun saida, wasu sun cinye da bazara, nawa kuwa ƙwari sunka maida shi gari. Shi ne aka tura mu, mu biyu, mu nemo.

Mun bar Dogon Dutsi da sassafe, munka bi gudron har Kore Mairuwa, daga nan sai hanyar Tibiri. Dallol Mauri ke nan: rairayi mai laushi, gawo ko'ina, rumbuna jere bakin gari, harawa ɗaure bisa itace don kada awaki su kai gare ta.

A wani ƙauye aka kai mu gidan wata tsohuwa. Irinta yana cikin tulu, gauraye da toka, an liƙe bakin da laka. Ta ce tun aurenta ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba. Tana shuka shi tsakanin hatsi, bayan hatsin ya kama ƙasa.

Kafin zancen ciniki sai da ta ciyar da mu beruwa. Ta waken nan ce: an niƙa, an murza garin da ruwa kaɗan-kaɗan har ya zama tsaki, an turara, an shanya. Ta zuba mai, albasa da yaji. Ni da nike taƙama da beruwata, wallahi shiru na yi.

Gaskiya, sabon iri irin su TN5-78 na INRAN ya fi saurin nuna, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri shi ka fidda mu kunya. Ba za mu bar shi ba. Amma na dā ya fi harawa, mu kuwa rabin bashin asusunmu kiwon tumaki yake tafiya.

Kuɗi ta ƙi karɓa. Tiya biyu ta auna muna, da sharaɗin mu maido mata huɗu in an yi kaka. Yanzu suna cikin buhun PICS, leda biyu ciki, kowace an ɗaure ta dabam, a ɗakin mai riƙon akwati. Mata takwas za su shuka bana. Wadda ta ci nata kafin ruwa ya sauka, tara ta hau kanta.