Waƙafin da ya kashe mai rai

A gidan rediyonmu na Maraɗi, babu shirin da ake saurare kamar sanarwa. Labaran duniya sai mutum ya ga dama, amma da an ce "inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", mai shayi ma rage wutar murhunsa yake yi. Ni ke karanta sanarwar safe, shekara shida ke nan.

Da farko a takarda ake kawo mini su, kowa da irin rubutunsa. Daga baya mai karɓar kuɗi ya koma shigar da su a Google Sheets, layi ɗaya sanarwa ɗaya: mai sanarwa, mamaci, unguwa, lokacin jana'iza. Ni kuma, da yake na ɗan taɓa Python da daddare a waya, sai na rubuta ɗan shiri da zai ɗauki fayil ɗin CSV ya mayar da kowane layi jimla, in buga in shiga situdiyo. CSV ba wani abu ba ne, rubutu ne tsagwaronsa, waƙafi ke raba gida da gida. Don haka na ce wa shirin: duk inda ka ga waƙafi, yanka. Wata huɗu yana aiki, har ina nuna wa abokan aiki.

Ranar wata Talata wasu 'yan'uwa biyu suka kawo sanarwar rasuwar mahaifiyarsu. Mai karɓar kuɗi ya rubuta sunayensu duka a gida ɗaya, da waƙafi a tsakani. Shirina ya yanka a nan. Sunan ƙanin ya faɗa gidan mamaci, sunan tsohuwar ya koma gidan unguwa. Na karanta a iska cewa Allah Ya yi wa Malam wane rasuwa. Sai da na kai "za a yi jana'iza a unguwar", na ga sunan mace, sannan bakina ya tsaya. Na gyara nan take, amma wanda ya ji farkon ya riga ya ajiye rediyo ya ɗauki waya.

Da hantsi mutumin ya zo da kansa, dattijo mai furfura, daga maƙabarta yake. Ya ce, "'Yata, ga ni da raina. Matar ɗana ta suma a Tasawa." Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, laifina ne." Ya yafe, amma bai zauna ba.

Abin da ya fi ci mini rai, da na koma kan takardar, akwai alamar zance guda ɗaya maƙale a ƙarshen sunansa. Na gan ta tun kafin in shiga, na ɗauka datti ne. Ashe Google Sheets ya yi aikinsa daidai: duk gidan da ke da waƙafi a ciki, yana kewaye shi da alamar zance don a san abu ɗaya ne. Ƙa'ida ce rubutacciya tun 2005, a takardar da ake kira RFC 4180. Ni ce ban sani ba.

Ƙanena mai karatun kwamfuta a Yamai ya dubi shirin ya yi dariya. "Yaya, me ya kai ki yanka da hannu? Ai akwai laburare." Laburare a wajensu tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ajiye don kowa. Na csv yana cikin Python tun 2003, ba a ma sauke shi. Ya goge layukana takwas ya sa uku. DictReader yana karanta layin farko a matsayin sunayen gidaje, don haka yanzu ina kiran "mamaci" da sunansa, na daina cewa gida na biyu. Ya san waƙafin da ke cikin alamar zance ba rabawa yake ba. Ya san alamar zance biyu a jere na nufin guda ɗaya ta gaske. Ya san saƙo na iya sauka sabon layi ba tare da ya ƙare ba. Duk ramukan da ban kai gare su ba tukuna, wani ya riga ya faɗa ya cike.

Ban ce wahala ta ƙare ba. Excel ɗin ofishin darakta na Faransanci ne, shi kuma waƙafi mai ruwa yake sawa, saboda a Faransanci waƙafi na cikin lissafi, kamar 2,5. Sai da na gaya wa laburaren wace alama ce mai rabawa. Da na fara rubuta fayil ɗin rahoton wata, ƙ ta fito masa Æ™, duk wata Ƙaura da Ɗan Issa suka zama aljanu, har sai da na ajiye da utf-8-sig. Lambobin wayar masu saurarenmu na Jibiya da Katsina kuwa da sifiri suke farawa. Laburaren yana barinsa, Excel ke cinye shi in an buɗe. Wannan har yau rigima muke da darakta.

Na ƙara wa shirin abu ɗaya da kaina: in layi ya zo da gidaje fiye da huɗu ko ƙasa da haka, kada ya buga komai, ya tsaya ya nuna mini. Sau biyu ya tsaya a bana.

Dattijon nan ya sake kawo sanarwa bayan Sallah, ta auren jikarsa. Bai bi ta wajen mai karɓar kuɗi ba. Ya miƙo mini takardar hannu da hannu, ya tsaya har na karanta masa ita da ƙarfi, sannan ya ciro kuɗinsa.